Layin Ɗan Fari

Mazaɓar Zangon Kanya ba ta taɓa dacen kansila ba, kuma mutanenta ba sa ɓoye hakan, har wani daɗi suke ji in baƙo ya tambaya. A da ƙauye ne mai zaman kansa a gefen Gumel, kafin gari ya miƙo ƙafa ya haɗiye gonakin, ma'aikata su zo su jera gidajen bulo a inda ake yankan gero. Kansilan farko, tun zamanin soja, ya samo musu rijiyar burtsatse guda ɗaya, ya sa aka haƙa ta a ƙofar gidansa, wai don ya riƙa sa ido kada yara su lalata. Na biyu ana rantsar da shi ya kwashe iyalinsa ya koma cikin gari, ba a ƙara ganinsa ba sai in an yi rasuwa. Na uku mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, sai dai bakinsa bai iya cewa babu ba, duk abin da ya karɓo wa unguwa a hanya yake ƙarewa. Daga nan aka shiga shekarun kantoma, ba zaɓe ba alamarsa, sai dai a wayi gari a ji an naɗa wane. Da zaɓe ya dawo kuma sai aka koma masalaha. Dattawa su shige zauren mai unguwa, su daɗe, su fito da suna ɗaya, jam'iyyar da ke riƙe da mazaɓar ta miƙa masa tikiti, ranar jefa ƙuri'a kuwa sai dai a je a dangwala don kada a ce ba a yi ba.

Bana ne masalahar ta ƙi ci. Mutum biyu suka fito, kuma abin da ya ɗaure wa dattawan kai, 'yan gida ɗaya ne, ɗan wa da ɗan ƙane. Ga Nasrullahi mai gyaran famfunan sola, ga Abdulfatah shugaban masu adaidaita na tashar unguwar. Aka zauna, aka sake zama, aka kira liman ya yi nasiha, kowannensu ya sunkuyar da kai ya ce ya ji, amma ba wanda ya ce ya janye. Sai jam'iyya ta ce to, inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa, ranar Asabar kowa ya fito filin firamare a yi ƙato bayan ƙato. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ɗan takara zai tsaya, mai son sa ya je ya tsaya a bayansa, maza layinsu mata layinsu, a ƙirga kawuna kowa yana kallon kowa.

Duk mazaɓar ba wanda labarin ya hana sukuni kamar Safiyatu. Nasrullahi ɗanta ne na fari. Abdulfatah kuwa ɗan ƙanen mijinta ne, amma uwarsa ta rasu yana jariri, Safiyatu ce ta shayar da shi, a ɗakinta ya tashi. Da wata dattijuwa ce can gefe, da sai ta ja ƙyaurenta ta ce ƙafa na mata ciwo. To amma a tsakar gidanta matan unguwa ke gyaran zoɓo da riɗi na 'yan kasuwar Maigatari. Ita ke karɓo buhuna, ita ke raba aiki, ita ke raba faɗa in ya tashi, kuma yana tashi. Inda ta sa ƙafa nan matan ke sa tasu, kowa ya san wannan, har 'yan takarar.

Kowa kuma ya san inda za ta tsaya, don Safiyatu mace ce mai kara. Tun da ta haifi Nasrullahi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai ta ce wancan, ko ɗan Kawu. Ana yaye shi wanta Jamaluddeen ya zo ya tafi da shi Maigatari, can ya girma cikin 'ya'yan kawunsa, ya ji suna kiranta Gwaggo shi ma ya kama, kuma har yau Gwaggo yake ce mata. Sai bayan rasuwar ubansa ya dawo Zangon Kanya ya kama gidan haya da matarsa. Kullum da safe zai zo ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice idonta na kan faifai, ya ɗan jima, ya tashi. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ta ga uwarta ta yi, kuma matan unguwa na yabon ta da ita. In yarinya ta fara rawar kai da ɗan farinta a gaban mutane, Safiyatu ake nuna mata.

Abdulfatah shi bai san wata bakin ƙofa ba. Washegarin da aka sa rana ya faɗo gidan da sallamarsa mai tashin kaji.

"Inna! Ina Innata? Me aka ajiye wa mai girma kansila?"

Kafin ta amsa ya riga ya buɗe kwano.

"Tun ba a zaɓe ka ba ka fara cin na talakawa?" in ji Safiyatu.

Ya yi dariya da ɗanwake a baki. "Inna, ni ba roƙon ki na zo yi ba. Kowa ya san inda za ki tsaya, Yaya Nasrullahi ma ya sani. Ki dai fito da wuri, ke da rundunarki."

"Ci ka tashi, ka cika ni da surutu."

Ba da mugunta ya faɗa ba, Abdulfatah ba ya ajiye komai a ciki. Amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar tuwon da bai dahu ba.

Kwana ɗaya tsakani sai ga Rumaisa, matar Nasrullahi, da ɗanta Bilal a goye. Safiyatu ta miƙa hannu ta karɓi yaron, don abin da aka hana ta yi wa uban a kan jikan take hucewa.

"Angona ya zo? Ina cefanen? Haka ake aure, hannu na dukan cinya?"

Bilal ya kama bakin mayafinta ya kai baki. Rumaisa ta yi murmushi, amma ba ta tashi daga durƙuson ba. Sai da matan da ke aiki suka fita sallah sannan ta matso.

"Inna, wata magana ce, in na yi kuskure ku yafe ni. Shi bai san na zo ba."

"Ina jin ki."

"Ya yi waya da Kawu. Ya ce a duba masa shago da ɗaki a Maigatari."

Hannun Safiyatu ya tsaya a bayan yaron. "Don faɗuwar zaɓe mutum ke barin garin ubansa?"

"Ba faɗuwar ba ce, Inna. Ya ce faɗuwa ba ta kashe kowa. Cewa ya yi ya san al'ada, ba ya ganin laifinku. Amma abin da ake yi a cikin gida daban, wanda za a yi a fili gaban duk mazaɓa daban. Ya ce in aka tashi daga filin nan kuna layin Abdulfatah, ba zai iya ci gaba da yawo a unguwar nan ana nuna shi ana cewa ga wanda uwarsa ma ba ta bi ba."

"In na zauna a gida fa?"

"Na faɗa masa haka. Ya ce duk ɗaya ne, matan za su tafi inda suka san za ku je, a ce kunya ce ta hana ku fitowa."

Safiyatu ta mayar mata da yaron, ta ce ta gaida gida. Amma tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, domin ta san ba barazana yake yi ba. Nasrullahi ba ya faɗin abu sau biyu. An ɗauke shi daga hannunta yana tatata ba ta yi magana ba, yanzu da ƙafarsa zai tafi.

Kuma ba yau ta fara ganin irin wannan ba. Wancan kansila na biyu da ya gudu cikin gari, shi ne ya kayar da mijinta Malam Ishaƙ. Lokacin tana amarya, lokacin kuma da aka fara kawo ƙato bayan ƙato ƙasar nan, a wannan filin firamaren dai. Malam Ishaƙ shi ma ɗan fari ne. Uwarsa, Iya Ummukulsum, ta fito da sandarta ta wuce layin ɗanta ko kallo bai ishe ta ba, ta je ta tsaya a bayan abokin karawarsa, tsofaffin unguwa suka bi ta. Aka yi ta yabon ta, ana cewa ga kara inda ake kara. Malam Ishaƙ ya yi dariya a gaban jama'a, ya ce Iya ce ta kayar da shi, ya koma kan allunan ɗalibansa, bai sake ko kusantar siyasa ba. Shekaru suka shuɗe har Safiyatu ta ɗauka ya manta. Sai a ciwonsa na ajali, wata rana da hantsi tana ba shi kunu, ba tare da an yi zancen ba ya ce mata, "Kin san na waiga ranar nan? Neman ta nake yi a layina." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya karɓi ludayi ya ci gaba da sha. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ranar Juma'a da yamma, bayan mata sun watse, saura Yelwa. Yelwa taubashiyarta ce, tare suka yi 'yan matanci, kuma ita kaɗai ce a unguwar ke iya zagin Safiyatu ta kwana lafiya. Suna zaune hannuwansu sun yi ja da zoɓo, Safiyatu ta jefa maganar kamar ba ta dame ta ba.

"Yelwa, a ce wata uwa ta je ta tsaya a bayan ɗanta gobe."

"Wane ɗan? Na fari? A fili?" Yelwa ta tafa hannu. "Ai sai 'yan mata su sa ta a waƙar gaɗa. Macen da ta yi kara tun tana ɗanyen jini, ta zo ta zubar a rana ɗaya saboda kujerar kansila? Cewa za a yi kwaɗayi ne. A kuma ce dama can riƙon marayan na ganin ido ne, yau da aka zo rabo ta nuna wanda ta haifa."

Wannan ta ƙarshen ita ta fi sukar Safiyatu, don ita ma ta yi tunanin ta. Gaba kura, baya siyaki. Ta ci gaba da tsince ƙwallayen zoɓo tana jefawa a ƙwarya. Yelwa ta dube ta, ta daɗe tana duban ta, har ta buɗe baki za ta ƙara wata sai ta fasa. Ta ɗauki mayafinta ta ce sai da safe.

Asabar tun hantsi filin firamare ya cika. Adaidaita sun jeru a jikin katanga, masu rake da masu ruwan leda sun kafa kasuwa, wakilan jam'iyya sun ajiye teburi a inuwar aji suna gwada lasifika. 'Yan takarar suka tsaya nesa da juna, kowanne riƙe da hotonsa, fuskarsu na kallon teburin. Maza ba su ɓata lokaci ba, nan da nan layukansu suka miƙe ana ta ihu da zolayar juna. Mata kuwa suka dunƙule a gindin darbejiya, wannan na gyara goyo, waccan na gyara ɗaurin ɗankwali, ba wadda ta motsa. A layin mata na Nasrullahi daga Rumaisa sai wasu 'yan tsirarun matan sababbin gidaje, su kuma sai suka jeru daga can baya suka bar tazara. Mai lasifika ya yi ta kira, "Iyayenmu mata, ku muke jira, rana na yi."

Sai ga Safiyatu ta shigo ta ƙaramar ƙofa, lulluɓe da babban mayafi. Tana jin idanu a jikinta ta ko'ina. Abdulfatah ya juyo ya cire hula yana kaɗa mata.

"Inna, nan! Ga wurinki na ajiye miki!"

Nasrullahi bai juyo ba. Yana tsaye ƙyam, ya zuba wa bangon aji ido.

Ƙafafunta da kansu suka nufi wajen Abdulfatah, hanyar da suka saba. Matan gindin darbejiya suka fara tasowa. Amma da ta iso ba ta zagaya bayansa ba, sai ta tsaya a gabansa, ta yi ƙasa da murya yadda shi kaɗai zai ji.

"Abdulfatah, kai na goya ka a gaban kowa, na share maka majina a gaban kowa, na kira sunanka har ya gundure ni. Wancan ban taɓa yi masa ko ɗaya ba. Yau kam ka yi haƙuri."

Hular ta tsaya a hannunsa, bakinsa a buɗe. Ba ta jira amsa ba, don ta san in ta jira ba za ta iya ba. Ta juya ta ratsa tsakiyar filin ita kaɗai. Wurin ba shi da wani nisa, amma ta ji kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta je ta tsaya a bayan Rumaisa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Filin ya yi tsit, har mai lasifika ya manta da aikinsa. Daga nan ƙus-ƙus ya tashi. Wata ta yi salati. Wata ta ce, "Safiyatu ce kuwa?" Wani tsoho a layin maza ya ce, "Duniya ta zo ƙarshe." Matan da suka taso suka tsaya cirko-cirko a tsakiyar rana, ba su yi gaba ba ba su yi baya ba. Ba wadda ta biyo ta. Safiyatu ta ce a ranta shi ke nan, ta zubar da mutuncin, kuma ba ta tsinana wa yaron komai ba.

Sai muryar Yelwa ta tsaga filin, muryar nan tata da ba ta buƙatar lasifika.

"To me kuke kallo? Yau kuka fara ganin mace ta bi mijinta? Ga angon nan a goye a gabanta! Ko so kuke ta bar shi a hannun yarinya, a ƙwace mata shi?"

Kowa ya dubi bayan Rumaisa. Ga Bilal ya leƙo daga cikin zane, ya miƙa hannu yana laluben mayafin kakarsa. Wata ta fashe da dariya, dariyar ta kama kamar wutar kara, har tsohon da ya ce duniya ta zo ƙarshe sai da ya dara. Wata ta rangaɗa guɗa. Wasan kaka da jika ba mai ja da shi, kuma mutane dama neman inda za su ajiye abin suke yi, Yelwa ta ba su. Mata suka ɓarke, da yawa suka biyo Safiyatu, wasu kuma, waɗanda mazansu ko 'ya'yansu ke jan adaidaita, suka tafi layin Abdulfatah suna waige suna ba da haƙuri da ido.

Yelwa ta zo ta tsaya daf da bayanta, ta mintsine ta a kwiɓi.

"Tsohuwar banza. Da kin fito min a mutum tun jiya, da na kwana ina shirya ƙaryar da ta fi wannan."

Safiyatu ta laluba ta baya ta matse hannun Yelwa.

Ƙirga ta ɗauki lokaci, don wakilan sun fara daga maza, kuma sai da aka yi ta korar yara masu shiga layi suna ɗage. Nan Safiyatu ta samu abin da ba ta yi tsammani ba. Nasrullahi na gabanta, tazarar 'yan taku kaɗan, ya ba ta baya, kuma duk wanda ke layi gaba yake kallo, ba mai cewa ta yi rashin kunya. Tun da aka yaye shi ba ta taɓa samun damar kallon sa haka ba. Ta kalle shi son ranta. Kafaɗun ubansa ne, har yadda ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa. A bayan kunnensa na hagu akwai wani tsohon tabo mai tsawon ɗan yatsa, wanda ba ta san da shi ba. Ba ta san yaushe ya ji ciwon ba, ko faɗuwa ya yi ko jifa ce, ba ta san wa ya wanke masa ba, ba ta san ko ya yi kuka ya kira wani ba. Hawaye suka zubo mata, ta bar su, mayafi ya shanye. Da mai ƙirga ya iso ya nuna ta da biro, ta ɗaga kai sosai don kada ya tsallake ta.

Abdulfatah ne ya ci. Layin mata na Nasrullahi ya fi tsawo, amma masu adaidaita sun kwaso maza har da waɗanda aka manta suna mazaɓar, layinsu sai da ya lanƙwasa ya bi jikin katanga. Aka sanar, odar masu adaidaita ta kaure, aka ɗaga Abdulfatah sama. Safiyatu ta hango Nasrullahi ya kutsa cikin taron ya miƙa wa ƙanen nasa hannu. Ba ta tsaya ganin sauran ba, ta bi ta ƙaramar ƙofa ta koma gida.

Ta zauna a tsakar gida ta jawo faifan riɗi, ba don aikin na gabanta ba. Zuciyarta sai kai kawo take yi. Ta ɓata wa wanda ta shayar, wanda ta haifa kuma ya faɗi, wa ya sani ko faɗuwar ta isa ta kore shi duk da abin da ta yi. Wa ya sani ma ko ya san ta yi, tunda bai waiga ba.

Bayan azahar ƙarar oda ta cika ƙofar gida, Abdulfatah ya faɗo, rigarsa duk ƙura.

"Inna, kin ci amanata a gaban duniya! Amma tunda na ci na yafe. Da faɗuwa na yi, wallahi sai mun je gaban mai unguwa."

"Sai ka je ka kai ƙarar, mai girma kansila. Allah ya sa dai kada ka haƙa rijiyar a ƙofar gidanka."

Ya yi dariya ya zauna a gefen tabarmarta. Can ya yi ƙasa da murya, abin da ba halinsa ba.

"Ya yi min zafi fa, Inna, ba zan ɓoye miki ba."

"Na sani."

"Amma ya wuce." Ya sosa ƙeya. "Akwai abinci?"

Ta nuna masa kwano da haɓa. Nauyi ɗaya ya sauka, saura babban.

Sai bayan la'asar ta ji tsayuwar babur, sannan sallama a hankali. Nasrullahi ya shigo ya durƙusa a inda ya saba, daga bakin ƙofa. Ita kuma ta mayar da ido kan faifai.

"Gwaggo, barka da yamma."

"Yauwa."

"An gama lafiya. Allah ya ba Abdulfatah."

"Haka Allah ya so."

Kaza ta zo tana tsattsagar riɗin da ya zube, ba wanda ya kore ta.

"Na ji ana ta dariya a bayana," in ji shi. "Ban waiga ba. Rumaisa ta ce wai Bilal kuka biyo."

Ga ƙofa Yelwa ta buɗe mata, a buɗe take har yanzu. In ta ce e, ba wanda zai ga laifinta, karar ta dawo inda take, gobe a ci gaba da nuna ta ga 'yan mata. Safiyatu ta tsince wani ɗan tsakuwa daga cikin riɗin ta jefar.

"Maganar Yelwa ce wannan," ta ce. "Ni ban ma lura an goyo shi ba."

Ta ji numfashinsa ya sauya, ta ji ya ja hanci, ya sake ja. Ba ta ɗaga kai ba, wannan karon ba don kunyarta ba, don tasa. Suka daɗe a haka, ita tana juya riɗin da ta riga ta gama tsincewa, shi yana durƙushe.

Can ya gyara murya.

"Gwaggo, filin nan na Baba da ke bayan gida. Ko an yi masa wani shiri?"

"Filin ubanka ne. Wa kake tambaya?"

"Na gaji da haya ne. In Allah ya kai mu bayan sallah zan sa a fara kawo yashi."

"Allah ya kai mu."

Ya tashi ya yi sallama ya fita. Safiyatu ta riƙe faifan har sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace, sannan ta ajiye shi. Ta jingina da bango ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ta sake faɗa, ba kowa a tsakar gidan sai ita da kazar.